Ƙuri'a Ashirin ta Dona Gracinda

Ranar Lahadi bayan cin abincin rana, ɗakin taron 'yan kwana-kwana na garin Barra Velha ya cika har bakin ƙofa. Dona Gracinda tana zaune a layin gaba, ta matse katinta na mamba a kulob ɗin ƙwallon mata na garin a tafin hannu kamar za a ƙwace. Lamba uku aka rubuta a jikinsa. Mai lamba ɗaya ta daɗe a kabari. Mai lamba biyu kuwa, ƙawarta Benvinda, ga ta nan a gefenta tana huci tun ba a fara ba.

Dokar kulob ɗin tsohuwa ce, kowa ya san ta. Sabon mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, wanda ya shekara goma yana da biyar, wanda ya haura arba'in yana da ashirin. Masu ashirin su biyu kacal suka rage, waɗannan tsofaffin.

Senhor Armindo, shugaban kulob, ya miƙe da takarda ya soma da tarihi. Yadda mata goma sha huɗu masu aiki a masana'antar kifin gwangwani suka fara buga ƙwallo a rairayin bakin teku a 1977, da takalman mazajensu da aka cusa wa jarida. Yadda limamin coci ya yi musu faɗa, suka yi kunnen uwar shegu. Kofin gunduma sau bakwai. Sannan bana, bayan shekara arba'in da wani abu, ƙungiyar tasu, Matan Gwangwani, ta hau rukunin farko na ƙasa.

"Armindo, mu muka buga, kai kana rarrafe," in ji Benvinda. "Je ka kan magana."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Maganar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Rukunin farko yana buƙatar fili mai ciyawa, da fitilu, da likita. Su filinsu ƙasa ce da tsakuwa, tun na iyayensu. Wani babban kulob na birni yana da duk waɗannan, gurbi a rukunin ne kawai ba shi da shi. Shi ne ya aiko wakilinsa, Doutor Valdemar, ga shi can a kan teburi cikin kwat, yana murmushi. Za su ɗauki gurbin da 'yan wasan, a sa yara a kan albashi, su sa rigar birni. Sunan Matan Gwangwani kuma a shafe shi daga gasar. In an ƙi, gurbin ya tafi a banza, a koma buga na gunduma.

Gracinda ba ta waiwaya ba, amma ta san inda jikarta take. Telma, mai tsaron gida kuma kyaftin, tana can baya tare da sauran 'yan wasa, sun jingina da bango. Wata guda ke nan yarinyar tana zuwa mata gida. Ba ta roƙo, ba halinta ba ne. Sai dai ta naɗe wando ta nuna gwiwa, ta ce, "Kaka, dubi aikin filinku." Ƙarfe shida na safe tana kasuwa tana feɗe kifi, da yamma tana faɗuwa a kan tsakuwa. Gracinda kan ce, "Mu ma haka muka yi, ba mu mutu ba." Telma ta ce, "Ai shi ya sa kike tafiya kamar ƙaguwa."

Benvinda ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Kin yi shiru da yawa. Ni da ke muka ɗinka rigar farko da labulen uwarki. Kada ki bari ɗan kwat ɗin nan ya saye ki da haƙora."

"Na ce miki wani abu ne?"

"Shirun ne ba na so."

Armindo ya ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga kati. Benvinda ce ta fara, har da miƙewa tsaye duk da ciwon baya. Tsofaffin masunta da matansu suka bi ta. Hannun Gracinda yana kan cinya. Aka ƙirga.

Ya ce waɗanda suka yarda. Katuna suka tashi rututu daga baya, matasa da iyayen 'yan wasa, masu ɗaɗɗaya da masu biyar-biyar. Sun fi yawan kawuna nesa ba kusa ba. Hannun Gracinda bai motsa ba.

Sakatariya ta miƙa takarda. Armindo ya share wuya da hankici.

"A'a, ɗari da hamsin da ɗaya. E, ɗari da arba'in da uku." Ya dubi layin gaba. "Dona Gracinda, ban ga katinki ba. In kin ƙaurace, a'a ta ci. Ina so in ji daga bakinki kafin in rufe."

Wani daga baya ya ce, "Mutum ɗaya da ƙuri'a ashirin, wannan wace irin doka ce!" Wani tsoho ya ce masa ya shekara arba'in yana tura abin ja layin fili tukuna, sannan ya zo ya yi magana.

Gracinda ta dafa sandarta ta miƙe. Ba ta dubi Armindo ba, baƙon ta duba.

"Senhor Doutor, yaranmu ashirin da biyu ne. Nawa za ku ɗauka?"

Valdemar ya ce kulob ɗinsu yana matuƙar girmama tarihin wannan gari, kuma za a duba kowace yarinya da idon basira.

"Ni ban yi makaranta ba. Lamba na tambaye ka."

Ya gyara zama. "Goma sha huɗu."

"Karanta sunayen."

"Uwargida, ba nan ya kamata…"

"Nan ne. Karanta, ko in zauna."

Ya buɗe jaka ya ciro takarda. Ya karanta ɗaya bayan ɗaya, Gracinda tana lanƙwasa yatsu. Iolanda, Carina, 'yan biyun gidan Fagundes, har goma sha huɗu suka cika. Babu Telma. Ya ƙara da ƙaramar murya cewa suna da masu tsaron gida biyu tun da.

Sai Gracinda ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har ta ji kunyar sauƙin da ta ji. To ai magana ta ƙare. Ba za ta binne sunan da suka haƙa da farce ba, a kuma jefar mata da jika a kan titi. Benvinda ta kama gefen siket ɗinta tana ja. "Kin ji ko? Zauna kawai. Zauna, shi ke nan."

Gracinda ta soma lanƙwasa gwiwa za ta zauna.

"Kaka."

Telma ce, ta ratso tsakiyar kujeru ta tsaya.

"Tun ranar Talata na sani. Senhor Armindo ya faɗa mini."

"Kin sani, kika zo gidana ranar Laraba kina nuna mini gwiwa?"

"Tawa ce kaɗai zan iya kawo miki. Ta Carina ta fi tawa muni, shekararta goma sha tara." Ta nuna 'yan matan da ke jingine da bango. "Mu muka hau da ƙungiyar nan, Kaka. Ku kun kafa, ba wanda ya musa. Amma in aka mayar da mu gunduma, sha huɗun nan za su tsufa a kasuwa kamar ni, suna ba da labarin shekarar da suka kusa. Ni dai na riga na rasa, ko ta wane gefe kika faɗi. Kada ki sa sunana a cikin dalilinki."

"Rufe mana baki, 'yar nema!" in ji Benvinda. "Gracinda, in kika ɗaga katin nan, wa zai san mun taɓa rayuwa? Su sha biyun da ke kabari, me za ki ce musu?"

Gracinda ta tsaya, ba a zaune ba, ba a tsaye ba. Ta dubi bango inda 'yan matan suke. Sauran bakwai ɗin da ba a kira ba sun sunkuyar da kai. Biyu daga cikinsu har yanzu katinsu yana sama, ba su sauke ba.

Ta miƙe sosai. Ta ɗaga katin.

"E," ta ce. "Rubuta, Armindo, kafin in canja."

"Ɗari da sittin da uku," in ji shi, da kyar.

Baya ya kaure da ihu. Valdemar ya taso da hannu a miƙe, Gracinda ta bar shi da hannunsa a iska. Telma ba ta yi ihu ba, ta juya ta koma wajen bakwai ɗin ta rungume su.

Benvinda ta ɗauki jakarta a hankali. Sama da shekara arba'in suna fita kowane taro hannu cikin hannu, saboda matakalan ƙofar suna da tsawo.

"Benvinda, tsaya in riƙe ki."

"Riƙe katinki," in ji ta.

Ta sauka ita kaɗai, tana dafa bango, mataki ɗaya bayan ɗaya. Gracinda ta tsaya a sama tana kallonta har ta kai ƙasa lafiya, sannan ta soma neman inda ita ma za ta dafa.