Zanen Gora na Yaya Ngan-ho

Shek Kam-shui ne masunci na farko a tsibirin Cheung Chau da ya cire wa jirginsa zanen kama iska irin na kakanni, mai haƙarƙarin gora, ya ɗaura irin na Turawa mai kusurwa uku. Ya yi ta cika baki a gidan shayi cewa yanzu ko iska na busowa daga gaba, jirginsa zai ratsa ta.

Bai yi ƙarya ba. Sai dai duk sanda iska ta tsananta, dole wani ya rarrafa zuwa goshin jirgi, ruwa na marinsa, ya janyo zanen ya ɗaɗɗaure da hannu. Kam-shui na riƙe da sandar tuƙi, don haka matarsa Sai-mui ce ke wannan rarrafen.

Yayar matar, Ngan-ho, tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke fita da tsohon jirginta, zanensa mai haƙarƙarin gora duk faci. Wata rana hadari ya riske su a hanyar dawowa, jiragen biyu kusa da juna. Kam-shui na yi wa matarsa tsawa ta yi sauri, sai ya hangi Ngan-ho a zaune, ko tashi ba ta yi ba. Igiya ɗaya ta sassauta, gorori suka sauko suna kwanciya kan juna, zanen ya rage rabi. Ta ɗauki kwanon kunun shinkafarta ta ci gaba da sha.

"Ƙanina," ta ɗaga murya, "in Baturen naka ya gama yi wa ƙanwata wanka, ku biyo ni!"

Sai-mui, jiƙe sharkaf, ta yi dariya. Dariyar ta fi maganar ƙona wa Kam-shui rai.

Washegari ya yi ta faɗa wa mutane cewa ya riga Ngan-ho isa bakin gaɓa, amma labarin kunun kawai ake so a ji. Ya koma ƙirga facin zanenta, yana jiran ranar da zai yage. Zanen ya yage kuwa, amma gorori suka hana yagewar yin nisa, Ngan-ho ta dawo da kwanduna cike da kifi.

Da sanyi ya shigo, Sai-mui ta ce gwiwoyinta sun gaji, za ta riƙa fita da Yaya. Kam-shui ya ce ta je, bai damu ba. Ya yi kwana tara yana fita shi kaɗai, yana sakin tuƙi yana rarrafe. A rana ta goma ya tafi wurin mai sayar da gora, ya zaɓi dogaye guda shida, ya ce shanyar kifi zai yi da su.