Almakashin Yaya

Yayan wata tela mutum ne mai taurin kai da karambani, kuma shi ya kashe wa ƙanwarsa keken ɗinki. Duk wanda ya ce tsautsayi ne bai san halinsa ba.

Gidan da yake ciki na gado ne. Soket ɗin bangon duk irin na dā ne, masu ramuka uku zagayayyu: ƙanana na fitila da rediyo, babba guda a falo na dutsen guga. Kayan yanzu kuwa ƙafafun fuloginsu masu kusurwa ne, ba sa shiga. Mai hankali sai ya kira mai gyaran wuta. Shi cewa ya yi abin da Baba ya kafa ba mai cire shi. Duk abin da ya shigo gidan sai ya datse masa kai da almakashi, ya fere wayar, ya cusa ta tsirara a rami, ya tokare da tsinken ashana.

Da wutar layin shagonta ta lalace, tela ta ɗauko sabon kekenta mai aiki da lantarki ta kawo gidan. Rigunan 'yan makaranta ne jibge a hannunta, hutu ya kusa ƙarewa, kuma shugabar makarantar ta ce in ta saɓa ta yi sallama da aikinsu.

"Yaya, don Allah kar ka taɓa," in ji ta. "Bari in je bakin titi in sayo abin jonawa."

"Auta, ni za ki koya wa wutar gidan nan? Kina goye nake jona rediyo."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Ɗauke kekenki ki tafi da shi, Auta. Ga kwano can cike da kawunan da ya yanke. Da na mutane ne, da tuni ina kai masa abinci kurkuku."

Tela ta yi dariya ta fita, ta bar keken don yana da nauyi. Tana dawowa ta tarar da kan fulogin a kan tebur, Yaya a tsugune jikin bango, ashana a baki.

"Waya uku suka sa, don burga," ya ce. "Biyu ke aiki, ta ukun ado ce."

Bai san wacce ce adon ba. Kafin ta buɗe baki ya danna makunni. Bango ya yi tartsatsi, keken ya yi wani ɗan tari, hayaƙi ya fito ta bayansa. Tela ta zauna a kan rigunan, ta rasa ko kuka za ta yi.

"Kayan zamani ba su da ƙwari," in ji Yaya, a hankali.

Matarsa ta fito daga kicin. Ta shiga ɗaki ta jawo tsohon keken surukarta daga ƙarƙashin gado, wanda ake juyawa da hannu. Ta goge shi, ta ɗiga masa mai, ta ajiye kujera a gefensa.

"Auta na buƙatar hannunta biyu a kan yadi. Maigida, bismillah. Yau kai ne wutar."

Haka aka yi aikin. Tela tana tura yadi tana cewa, "Ƙara wuta, Yaya." Maƙwabta suna leƙowa ta taga suna yi masa sannu da aiki. Rigunan suka isa makaranta kafin yara su koma.

Shi kuwa ya juya keke har riga ta ƙarshe, kafaɗarsa ta kumbura, kuma shi ya ɗauki mataccen keken a ka zuwa wurin mai gyara.