Sunan da Akuya Ta Nema

Daren da ya cika kwana arba'in da rasuwar 'yata ta fari na yi wani mafarki, har yau yana nan a kaina daram.

Ranar da labarin ya iso ni ina tsakar gida ina shanya kalwa. Mijinta Ɗahiru ne ya kira daga Kaduna, ya ce, "Inna, sai haƙuri." Ban ji sauran ba.

Sana'arta rubutu. Duk safiya takan kira ni ta tambaye ni girkin da, yadda ake daddawa, yadda ake hoce. Ranar Laraba sai ta tura wa mutane a wasiƙar imel, su kuma suna biya duk wata. Daga mutum tara ta fara, har suka haura ɗari uku. Da wannan take saya mini maganin hawan jini. Ashe ta rubuta wasu ta ajiye, suna tafiya da kansu, masu karatu ba su san ta rasu ba. Ran arba'in Ɗahiru ya ce ta ƙarshe ta fita. In rufe wasiƙar za a yi, in gaya masa da safe.

Ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Ke" nake ce mata, shekara talatin da huɗu.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Mata sun kife bokitai suna tara. Ƙafafuna suka jiƙe, kallabina a bushe.

Sai ga ni a ofis. Akuya ce a kan kujera, ja, da tabarau. Duk takardar da aka miƙa mata sai ta tauna ta haɗiye, ta ce an adana.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"'Yata."

"Sunanta?"

"Ta fari ce."

"Rabin garin nan 'yan fari ne. Suna nake so."

Na ce mai rubutun Laraba. Na ce doguwa, mai wushirya. Akuyar ta cire tabarau ta lashe shi ta mayar.

"Ba a shiga da kwatance. Na gaba!"

Ban ga ƙofa ba, na dai gan ni a gona. An shuka mutane a kunya-kunya kamar albasa, kawunansu kaɗai a waje, kowa da waya a gabansa. Na gane masu karatunta ne. Wata mata ta tuge kanta, ta kakkaɓe ƙasa, ta ce, "Ba don komai ba, Inna, wata ne ya yi nisa," ta wuce. A gurbinta wasu biyu suka tsiro suna sallama.

Na tsaya a tsakiyarsu, kunya ta rufe ni, don kwana arba'in suna biyan wadda ba ta duniya. Na ce, "Jama'a, mai rubuta muku ta rasu."

Suka yi mata addu'a, kunya bayan kunya, har ƙarshen gonar. Sai wani tsoho mai furfura ya yi gyaran murya.

"Allah ya jiƙanta. To Inna, miyar kukar fa? An tsaya a wajen man shanu. A tukunya ake sa shi ko a kwano? Tun da matata ta rasu ni nake girki, ban ci mai daɗi ba sai da wasiƙar nan."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji daka a bayan wani zana. Na san dakan. Sau biyu da ƙarfi, sau ɗaya a hankali, yadda na koya mata. Duk bugun taɓarya sai takarda ta tashi daga turmin ta bi ruwan sama ta hau. Na yi ɗage in leƙa, zanan ya ƙara tsawo. Na hau dutse, ya ƙara.

Akuyar tana gefe da teburinta, tana cin igiyar zanan.

"Har yanzu dai suna," in ji ta. "Kuma mun kusa tashi."

Na duba hagu, na duba dama, ko uwata na nan ta ji ni. Bakina ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Dakan ya fara nisa.

Na ce, "Bara'atu."

Ruwan ya tsaya cak a iska. Zanan ya kwanta da kansa. Ga ta nan da zanen da na saya mata na haihuwar da ba ta zo ba, tana dariya, wushiryar a waje.

"Na'am, Inna. Ashe kin san shi."

"Ja'ira. Kullum ina faɗinsa a zuci, ba ki ji ne."

"To man shanun, a tukunya ko a kwano?"

"A kwano mana. Ke ma kin sani."

"Na sani," ta ce. "So nake in ji ki."

Na miƙa hannu in gyara mata ɗaurin kallabi. Sai ƙwaram! Akuyar maƙwabta ce ta ture mini murfin tukunya a tsakar gida, gari ya waye.

Na kira Ɗahiru. Na ce ya rubuta musu gaskiya, mai tafiya ya tafi da alheri, wanda ya zauna ni zan riƙa faɗa shi yana rubutawa. Da yawa sun tafi. Wasu sun zauna, har wani ya aiko yana tambayar man shanu.

Yanzu kullum in na shanya kalwa sai in zauna a bakin murhu, in danna waya in ɗauki muryata yadda Ɗahiru ya nuna mini. Ya taɓa tambayata ko ya riƙa cire kalmar farko in zai rubuta. Na ce ya bar ta.

"Bara'atu," nake cewa, "yau dambu za mu yi."