Rufi a Kan Rodi Huɗu

Verna Sizemore guntuwar mace ce, irin wadda sai ta taka kujera take ɗauko gishiri daga saman kanta. Da don ita kaɗai ce, babu abin da zai sa a taɓa rufin motar nan. Amma ɗanta Royce ya kwaso tsayin marigayi ubansa kaf bai rage ba. Ranar da ta kawo tsohuwar motar makarantar daga gwanjon ƙaramar hukuma, ya shiga ya taka daga gaba zuwa baya a sunkuye, ya fito yana murza wuya, ya ce shi kam ba zai iya zama a gidan da zai wuni yana kallon takalminsa ba. Verna ta ce to a ɗaga rufin. Haka kawai ta faɗa, kamar wadda ta ce a ɗaga labule.

Ba sha'awar yawon duniya ce ta sa mace mai jikoki a coci ta sayi motar makaranta ba. Royce ya haura talatin, kuma karo na uku ke nan yana dawowa daga gidan da ake raba mutane da ƙwaya. Kullum ya dawo fes, ya yi ƙiba, idonsa ya washe, sai garin ya sake janye shi. Tun da aka rufe ramin kwal, sayar da ƙwaya ce kaɗai sana'ar da ta rage a kwarin nan, kuma duk mai sayarwa ya san sunan Royce, daga gidan mai har bayan coci. Verna na da ƙanwa a can jihar Wyoming mai fili fetal, inda sai ka yi tafiyar awa kafin ka ga maƙwabci. Abin da take so ɗaya ne tak: ta mayar da motar gida, ta saka ɗanta a ciki, ta fitar da shi daga jiharsu ta Kentucky da ransa da hankalinsa.

Duk bazarar nan a kan motar suka ƙare ta. Sun cire kujeru, sun kankare tsatsa, sun ɓalle ƙusoshin ribiti har tafin hannun Verna ya yi kanta, sun sauke tagogi sun jera a jikin rumbu. Royce na cin abinci kamar mai biyan bashin yunwa, kuma bai leƙa gari ba ko sau ɗaya. Abu guda ne bai koma daidai ba, hannunsa. Tun da ya bar shan abin hannun ke rawa, wata rana kaɗan, wata rana sai kofi ya zube masa a wando. Likita ya ce zai daina a hankali. Verna ta riƙe wannan magana ta likita gam, domin Royce ne mai waldar, kuma kafin ya lalace babu kamarsa a duk yankin.

Yadda ake aikin a waya suka gani. Kai, mutanen bidiyo! Miji da mata suna murmushi, kare na kaɗa jela, kiɗa na tashi, kafin ka sha ruwa rufi ya hau sama. A zahiri kuwa ƙarafa ne suka zagaye jikin motar kamar haƙarƙari, su ke riƙe da rufi. Sai a kafa dogon rodi mai zare a kowace kusurwa huɗu, a yanke haƙarƙarin nan duka, sannan mutum huɗu su riƙa juya noti tare, rufin na hawa sannu a hankali. In ya kai inda ake so, a cusa sabon ƙarfe a kowane giɓi a yi masa walda. Tsakanin yankan da waldar, babu abin da ke riƙe da rufin sai rodin nan huɗu. Royce ya kafa su ne a wata rana da hannunsa ya ɗan lafa. Waldar ta fito a ƙudundune, ba kyan gani, amma ta kama. Verna ta gani ta kau da kai.

Ranar Asabar ta kira gayya, wato yayanta Odell da matarsa Maxine, domin su kaɗai ne ke taka gidan yanzu. Odell ya sauko daga motarsa yana ƙorafi tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya ce shi a rayuwarsa ya ga mai gyara abin da ya lalace, amma bai taɓa ganin mai sayen lafiyayyar mota ya fille mata kai ba sai ƙanwarsa. Maxine ta ce ya rufe musu baki, shi da ya shekara yana gyaran famfon bayi. Har Royce sai da ya yi dariya.

Yanka bai wahalar ba, ɓarna ai ba ta da wuya. Royce ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da injin yankan ƙarfe, tartsatsi na zuba. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya tsaya ya dubi uwarsa, ita kuma ta gyaɗa masa kai. Ƙarfen ya rabu, rufin ya yi wani nishi ya zauna a kan rodin, Verna ta ji shi har cikin haƙoranta.

Kowa ya kama kusurwarsa da sifana, Odell na ba da baki, a juya, a tsaya, a auna. Maxine ta shagala da labarin surukarta ta bar nata notin baya, rufin ya karkace, Odell ya ce yau ga ranar da surutu zai kashe mutum huɗu. Aka daidaita aka ci gaba. Kafin rana ta take, haske ya zagaye motar ta ko'ina, rufi ya hau kusan ƙafa ɗaya da rabi. Royce ya ajiye sifana ya miƙe tsaye a tsakiyar mota, ya ɗaga kai, ya miƙa hannu sama ya shafa rufin. Allah sarki. Verna ta yi farin cikin da ta manta akwai irinsa, har ta fara tsara inda za ta sa gadonsa.

Suna cin wake da burodin masara a inuwar rumbu rediyon motar Odell ya ce ranar Litinin iska mai ƙarfi za ta shigo daga yamma, kowa ya ɗaure abin da zai ɗaure. Duk suka juya suka kalli motar. Ko ɗan hucin da ke kaɗawa a lokacin yana sa rufin lilo a hankali, kamar faranti a kan 'yan yatsu. Royce ya ajiye cokali ya tashi ya jawo injin walda.

Verna ce ta riƙe masa ƙarfen farko. Ya sauke garkuwar fuska, ya kai sandar walda, sandar ta manne. Ya fizge ya sake kaiwa, ta sake mannewa. Da wutar ta kama kuma sai hannun ya ƙi zama wuri ɗaya, ya huda ƙarfen ya bar rami, gefen kuma bai ci wuta ba. Odell ya zo ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma, ba da ƙarfi ba ma, ƙarfen ya faɗo. Royce ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Yadda yake ƙara matse sandar haka rawar ke ƙaruwa, har ta hau masa kafaɗa. Ya cire garkuwar ya zauna a ƙasan motar, ya cusa hannayen biyu tsakanin gwiwoyinsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Aka shiga neman mafita, kuma kowace aka ɗauko sai ta mutu a hannu. Odell ya iya walda, amma tun da aka dasa masa batir a zuciya likita ya hana shi kusantar injin. Masu walda biyu ne a garin, ɗaya yana asibiti, ɗayan kuwa shagonsa Royce ya taɓa kwashewa, mutumin ya rantse ko gobara ce ba zai taka gidan ba. Maxine ta ce a sauke rufin a mayar da shi. Odell ya ce a mayar da shi kan me, ai an riga an yanka, ko sama ko ƙasa sakakke ne. Ya ce a ɗaure da sarƙa a yi addu'a, amma shi ya ga iskar da ta ɗauke rufin rumbun maƙwabcinsa ta ajiye a gonar wani, kuma wannan in ya murɗe sau ɗaya motar ta zama kayan bola. Verna ba ta da wata motar makarantar, ba ta da ƙarfin wata bazarar.

Sai Royce ya tashi ya ce sandunan ne suka sha raɓa, shi ya sa suke mannewa, sai an sayo sababbi a gari. Verna da kanta ta sayo sandunan, da kanta ta fasa ledarsu da safen nan. Odell ya ce shi zai je. Royce ya ce Kawu ba zai gane lambar ba. Verna ta ce to bari ta ɗauko jakarta su tafi tare. Ya tsaya a gabanta, dogo, bai kalli idonta ba.

"Mama, ba ni makullin."

Makullin a-kori-kurarta yana aljihun rigarta tun ranar da ya dawo gida, da shi take kwana, kuma bai taɓa tambaya ba sai yau. Ta dubi rufin. Ta dubi hannun da ya miƙo mata, yana karkarwa kamar na tsoho. Ta sa hannu a aljihu ta ba shi.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Odell ya hau ta da faɗa. Ya ce ta san inda zai je, ta san abin da zai sayo, wata nawa tana gadinsa kamar kaza da ƙwai sannan ta miƙa shi da hannunta.

"Sandar walda ya tafi saye, Yaya," in ji ta.

"Verna, ni za ki gaya wa?"

Odell ya tattara kayan aikinsa yana jifa da su a bayan mota, ya ce shi ba zai tsaya ya kalla ba. Maxine ta rungume ta, ta raɗa mata cewa ta kira in da wani abu, ta bi mijinta. Verna ta zauna a matakalar motar ita kaɗai, rufin na ƙara a kanta duk lokacin da iska ta motsa. Tsoro biyu ne suka cika mata ciki, kada ya dawo, da kuma yadda zai dawo.

Da la'asar ya dawo, yana fito. Ya sayo sandunan kuwa, sabon ƙunshi guda, har da alewar gyaɗar da take so. Ya sunkuya ya sumbaci tsakiyar kanta, ya ce yau za ta ga aiki. Ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma kamar kan allura, yana sosa hanci, muryarsa ta yi laushi ta yi daɗi. Verna ta san wannan muryar fiye da ta kowa a duniya. Muryarsa ke nan in ya sha ƙwaya.

Ta riƙe ƙarfe, ya sauke garkuwa. Wutar ta kama da taɓawa ɗaya. Hannun ya tafi sumul, babu gargada, ya bar layin walda jere reras kamar ɗinkin keke. Ya buge dattin da guduma ya ce ta duba. Ta duba. Wallahi ta yi kyau, ko a zamanin ƙuruciyarsa iyakar abin da zai yi ke nan. Suka matsa zuwa na gaba, da na gabansa. Kowane ƙarfe ya kama, lilon rufin na raguwa, kuma Verna ta kama kanta tana jin sanyi a rai. Wannan sanyin ya fi komai ƙona ta. Ta tsani kanta a kansa, amma ba ta saki ƙarfen ba, hawaye na taruwa a cikin tabaran da ya ba ta ta sa.

Yana aiki yana zuba. Ya ce in sun isa Wyoming zai sayi doki, zai buɗe ɗan shagon walda, zai yi mata taga babba a gefen gadonta don ta riƙa ganin duwatsu. Tana ta cewa to, to. Ko wancan karon da wancan, da irin wannan daɗin bakin aka fara.

Rana na gab da faɗuwa suka gama ɓangaren direba. Royce ya kashe inji, ya jijjiga bangon da ƙarfinsa, ko gezau. Ɗaya ɓangaren kuwa yana nan wangale, haƙarƙari a yanke daga gaba har baya, aikin wuni guda cur. Ya naɗe wayar injin a tsanake, ya goge hannu a wando, ya ce gobe sai ya sake leƙawa gari, domin sandunan nan ba za su isa ba.

Ƙunshin na nan a gefen ƙafarta, ko rabi ba a ci ba. Verna ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗaga kai ta dubi yamma, inda sama ta fara yin wani ja-ja, sannan ta cire tabaran ta goge fuska da gefen riga.

"Ka tafi da wuri," ta ce, "don mu samu mu gama."