Kalma Biyu a Kan Dutsen Mijina

Wata huɗu da binne mijina, mai sassaƙa dutsen kabari ya kira ni a waya ya ce in zo, aiki ya tsaya. Ina kan keken ɗinki a lokacin. Na bar rigar mutane da allura a tsakiyar hannu, na zura takalmi, ko ɗankwali ban gyara ba.

Shagonsa wata rumfar kwano ce a bayan masu walda, duwatsu jingine da bango, ƙasa fari fat da garin dutse. Kurma kowa ke ce masa, wai ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya, amma ni dai ban taɓa ganin zancen da ya wuce shi ba. Yana da tsarinsa na aiki. Sai ya zana haruffa da alli tukuna, ya kira masu gawa su karanta da bakinsu, sannan ya ɗora kurfi ya bi zanen da guduma. Alli yana goguwa, abin da kurfi ya ci kuwa ya ciwu ke nan.

Na tarar ya gama sunan mijina, ya gama shekaru. A layin ƙarshe ya sassaƙa YANA a farko, ya sassaƙa UBANGIJI a ƙarshe, ya bar tsakiya. Ni TARE DA na sa aka zana a wurin. Yanzu an goge, an rubuta BARCI CIKIN, da wani irin rubutu mai tsayi wanda na sani sarai.

Na ce, "Wa ya taɓa mini wannan?"

Kurma ya ce, "Wan mijinki, jiya da yamma. Hajiya ko Madam, duk wanda kike so, ni ba na shiga faɗan coci. Na sassaƙa inda kuka yarda ku biyu, na tsaya inda kuka rabu. Na kira shi shi ma, yana hanya."

Yaya, wato wan mijina, dattijo ne a cocinsu. Su abin da suka riƙe shi ne wanda ya mutu barci yake yi, bai san komai ba, ba ya ji ba ya gani, sai ranar da aka busa ƙaho matattu suka tashi. Mu kuma a namu cocin an koya mana cewa mai bi yana rufe ido a nan, sai ya buɗe a gaban Yesu. Ƙanwar mahaifiyata ma da nata: ta ce rai yana fara tsayawa a tsarkake shi, shi ya sa take kunna wa mijina kyandir tana masa addu'a. Ban hana ta ba, kyandir bai taɓa cizon kowa ba. Shekara ashirin da shida muna wannan musu da Yaya a wurin cin abinci, mijina na dariya yana cewa, "Ku bari in riga ku zuwa, sai in aiko muku da labari."

Kafinta ne mijina, mai buga rufin gidaje. Mutum ne da ba ya iya zama. Ko abinci a tsaye yake ci in ban yi masa tsawa ba. Ranar da katako ya karye da shi ya faɗo daga bene, daga wuyansa zuwa ƙasa komai ya mutu. Shekara uku yana kwance rigingine. Duk bayan awa biyu ni ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ni ke wanke shi, ni ke kore masa ƙuda daga fuska. Silin ɗin ɗakinmu shi ya buga shi da hannunsa, ya ƙare yana kallonsa daga safe zuwa yamma yana ƙirga inda ƙusa ta karkace.

To wannan mutumin ne za a rubuta mini a dutse cewa yana barci? Allah ya kiyaye!

Yaya ya iso da Littafi Mai Tsarki a hammata, rigarsa a goge kamar kullum. Ya ce, "Maman 'yan biyu, ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya, Yaya. Rubutunka na gani."

"Gyara na yi. Abin da za a sa a kan kabari ya kamata ya zama gaskiya, jama'a za su riƙa karantawa. Ubangiji Yesu da kansa barci ya kira mutuwar abokinsa."

"Ɓarawon da aka gicciye kusa da shi fa? Ce masa aka yi ya je ya kwanta sai an neme shi? A ranar aka ce masa zai shiga Aljanna, a ranar!"

"Ba haka ake fahimtar wurin ba."

"Yaya, ranar jana'iza ka tsaya bakin kabari ka yi wa'azin barci kusan awa guda, na haɗiye don ina jin nauyinka. 'Yan biyu suka dawo gida suna tambayata ko babansu yana jin sanyi a ƙasa. Na haɗiye wannan ma. Amma dutse ba zan haɗiye ba."

Ya ce, "Ƙanena ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

"Sau nawa ka juya shi?"

Na san maganar ba ta da daɗi, kuma ban janye ta ba. Masu walda sun kashe injinsu suna leƙowa. Kurma ya duƙufa yana share wani dutse da ba ya bukatar shara, lafiyayyen kunnen a wajenmu.

Na ce, "Mijina ya gama kwanciya. Ya yi tasa ya yi ta wasu. Rannan da numfashinsa ya tsaya, hannuna na kan ƙirjinsa, abin da na ce a raina shi ne, yau dai ya miƙe. Da wannan nake tashi da safe, da shi nake taka keke. Kai kuma ka zo da alli za ka sake kwantar mini da shi, har sai ranar da ba wanda ya sani?"

Na ɗauki tsumma na goge BARCI CIKIN, garin alli ya bi mini zane. Na tsinci guntun alli a ƙasa na rubuta TARE DA da hannuna. Rubutuna ba shi da kyau, na sani, tela ce ni ba malamar makaranta ba.

Na ɗauka Yaya zai buɗe Littafi ya fara jero mini ayoyi. Sai na ga ya nemi wani dutse ya zauna a kai, da gogaggiyar rigar tasa.

Ya ce, "Kin tuna babban ɗana?"

Ta yaya zan manta? Saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, ya bar coci, ya kama shan giya, wata rana ya hau babur a buge ya shige ƙarƙashin tirela. Shekara tara ke nan, kuma tun daga ranar ba a ambatonsa a gaban Yaya.

Ya ce, "In yadda kike faɗa ne, kowa na rufe ido yake isa inda za shi, to yarona ya isa tun shekara tara. Kin san kuma yadda ya tafi. Ni da nake cewa barci suke yi, ina iya cin abinci. Ina ce wa kaina ba abin da ke taɓa shi tukuna."

Duk shekarun nan na ɗauka taurin kai ne irin na dattawan coci. Tausayinsa ya kama ni har idona ya ciko, amma na dubi dutsen, na ga ba zan iya ba.

Na ce, "Yaya, ban san abin da yaron nan ya faɗa wa Allah tsakanin babur da ƙasa ba, kai ma ba ka sani ba. Dutsensa naka ne, ka bar shi ya yi barcinsa, ba zan taɓa zuwa da tsumma ba. Wannan kuwa nawa ne."

Na miƙa wa Kurma hannu. Ya ce, "Ke, za ki fasa mini dutse!" Na ce in ya fashe nawa ne ya fashe. Ya ba ni kurfi da guduma yana gunaguni, ya gyara mini riƙo. Na ɗora bakin kurfin a kan T na buga. Ya zame, ya ci dutsen a karkace, amma ya ci. Daga nan ba sauran maganar alli.

Kurma ya karɓe kayansa ya ci gaba daga inda na ɓata. Yaya bai tashi ba, yana zaune yana kallon harafi bayan harafi na fitowa. Sai da aka kai ƙarshen TARE ya yi magana, bai kuma dube ni ba.

"Maman 'yan biyu, in da gaske a farke yake, kina ganin zai tambayar mini labarin yaron?"

Na ce, "Yaya, ƙanenka ne fa. An mayar masa da ƙafafunsa, kana tsammanin zai zauna?"

Ya ajiye Littafin a cinyarsa, ya rufe fuska da hannu biyu.