Tiyon Iskar Motar Baba

Ku gafarce ni da na ɗauki biro. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta wani abu ba in ba amsar jarrabawa ba, kuma ko wannan shafin sau uku ina yaga shi. In kun ci karo da kuskure ku ɗauke kai. Labarin wata yarinya ne da motar mahaifinta.

Auta ake ce mata a gida. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, gidan ya yi tsit kamar ajin da aka tashi. Yayyenta mata suna ɗakunan mazajensu, Yaya, babban wanta, yana can ɗaya gefen gari da iyalinsa, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Mama kuwa wuni take a ɗakin Baba, ta juya shi, ta ba shi magani, ta goge masa baki. Auta ta gama sakandare tana jiran sakamako. Ba ta da abokin hira sai littattafan da ta riga ta karanta, sai kuma motar.

Tsohuwar mota ce ruwan toka, ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai ta ciki. Da ita Baba ya koya mata tuƙi, kuma yanzu ita ke kai shi asibiti wurin gashin ƙashi, Litinin da Alhamis. Takan matso da motar har bakin ƙofar falo, ita da Mama su tallafe shi taku huɗu, ya zauna, babu idon kowa. Sau ɗaya aka gwada motar haya. Ba ta shigo gida ba, direba da maƙwabta biyu suka ciccibo shi har titi kamar kayan wanki, jama'a na sannu. Tun daga ranar ya nuna da hannunsa mai lafiya cewa ba zai sake ba. In babu motar, babu gashi. Kowa a gidan ya san haka, ba wanda ya furta.

To sai motar ta fara rawar sanyi. Da an tsaya sai ta kama karkarwa, ta yi tari, ta mutu. Ran Alhamis ta mace musu a tsakiyar mararraba, masu motoci na ta danna ham, wani ya leƙo ya ce a mayar wa mai mota motarsa. Baba ya rufe ido har suka iso gida.

Da yamma Yaya ya zo, don Mama ta kira shi. Ya tada motar, ya ɗaga bonet, ya kira bakanikensa a waya, ya ƙure muryar wayar, ya miƙa wayar cikin injin kamar mai yi wa mota jarrabawar baka.

"Oga, saurara ka ji."

"Taka totur," in ji muryar da ke cikin wayar. "Saki. Kai! Ai wannan ta gama aiki. Sai an sauke inji, kuma abin da za ka kashe ya fi ƙarfin motar. Ka kai ta wa 'yan gwangwan su saya a kuɗin ƙarfe tun tana da fasali."

"Yaya, ba zai zo ya duba da idonsa ba?" Auta ta tambaya a hankali.

"Mutumin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin mota? Ke shekara nawa kika yi, ban da a ƙarƙashin bargo da littafi?"

Ya yi dariya, ba da mugunta ba. Kafin ya tafi ya ce wa Mama ran Asabar bayan la'asar zai zo da mai gwangwan ya ɗauke motar. Batun asibiti kuma, ya ce, Allah zai kawo hanya.

Ran Asabar da safe Auta ta fito tsakar gida ta tsaya gaban motar. Ba ta taɓa ɗaga bonet ɗin da hannunta ba. Aikinta a da shi ne ta tsaya gefen Baba riƙe da sifana, ta miƙa in ya miƙo hannu. Amma ta sha ganin yadda yake yi. Ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya tada mota, ya bi kowace roba da tafin hannu, yana latsawa yana karkata kunne.

Ta ɗaga bonet ɗin, ta tada motar, ta zagayo, ta fara bi. Injin na jijjiga har cikin haƙoranta. Can ƙarƙashin ƙarar ta ji wani siririn sauti, kamar mai zuƙar iska ta tsakanin haƙora. Ta bi shi har kan wani ƙaton baƙin tiyo mai kaurin damtse, wanda ya taso daga akwatin filta ya shiga bakin inji. Ta nan motar ke shaƙar iska. Tsakiyarsa a nannaɗe take kamar maƙogwaro. Ta sa hannu biyu ta matse wurin, sai karkarwar ta lafa. Ta saki, ta dawo. Ta sake matsewa, ta sake lafawa.

Ta kashe motar ta zura yatsu ta ƙasan tiyon. A cikin lungun naɗin, inda ido ba ya kaiwa, akwai tsaga da yatsunta uku suka shige.

Ta ruga ciki, ta tarar Mama ta yi barci a zaune, kofin magani a cinyarta. Baba ya zuba wa silin ido. Ta buɗe baki ta rufe, don in ta sa masa rai abin bai yi ba fa? Ta kira Yaya sau biyu, bai ɗauka ba.

Ta koma ta ɗauko sukundireba a akwatin kayan aikin Baba, ta kwance kilif biyu da suka ɗaure bakunan tiyon, ta zare ƙaramar robar da ke maƙale a gefensa, ta murɗa shi har ya fito. Bakin injin ya rage a buɗe. Ta cusa masa hankicinta don kada ƙura ta shiga. Ta naɗe tiyon a tsohuwar jarida, ta tura cikin jakar makarantarta, ta haɗa da 'yan kuɗin da take tarawa na sayen littafi.

Layin masu kayan mota ba wurin da ta taɓa takawa ba ne. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, ƙofofin motoci jingine da bango, fitilu rataye kamar kawunan kifi. Babu mace ko ɗaya. Shagon farko mai gilashi ne, na sababbin kaya. Mai shagon ya duba tiyon, ya ce sai an yi oda, mako biyu, ya faɗi kuɗin. Ta yi godiya ta fito da baya da baya.

"'Yan mata, me ake nema? Zo, babu abin da babu!"

Wani mai kayan kwance ne, waɗanda ake cirowa daga tsofaffin motoci, hularsa a karkace. Ya karɓi tiyon, ya shige lungu, ya dawo da irinsa sak, yana ƙyalli kamar yau aka yi shi.

"Ga shi, ko wata shida bai yi a mota ba. Don ke ce zan yi sauƙi."

Ta karɓa, tafinta ya yi santsi. An shafe shi da mai ne. Kunya ta kama ta, amma ta daure ta lanƙwasa shi a daidai naɗin. Ƙananan tsagogi suka buɗe baki reras.

"A'a, Hajiya, za ki karya mini kaya! Wa ya aiko ki ne? Je ki turo mai motar."

"Ni ce," ta ce, muryarta ba ta kai ko kunnenta ba.

Maƙwabtansa suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce a ba injiniya kujera. Ta ajiye masa kayansa ta wuce, idonta na yaji, ba ta ma san inda ta nufa ba.

A ƙarshen layin akwai wata rumfa da tiyo iri-iri suka sauko daga rufinta, na manyan motoci da na injin ban ruwa. Wani dattijo na zaune a ciki yana gyara tabarau da zare. Bai kira ta ba. Wataƙila shi ya sa ta tsaya.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, 'yata. Mu gani."

Ya maƙala tabaraun, ya jujjuya tiyon, ya latsa bakin nan, ya latsa wancan.

"Na kwance duk sa'anninsa ne, inda wannan ya tsufa nan su ma suka tsufa. Amma duba, kai da gindi lafiyarsu lau. Cikin ne ya mutu. Wa ya gano tsagar?"

"Ni."

"Da me?"

"Da hannu."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya ɗauki wuƙa ya yanke naɗin gaba ɗaya ya jefar. Ya jawo sabon tiyo mai kauri ɗaya da tsohon, ya gwada, ya yanko daidai tsawon. Ya nemo guntayen bututun ƙarfe biyu, ya goge bakinsu da magagari har suka yi sumul, ya zura kowanne rabi a tsohon rabi a sabon, ya ɗaure da kilif huɗu. Ya toshe baki ɗaya da tafinsa, ya hura ɗayan har kumatunsa suka cika.

"Ko numfashin sauro ba zai fita ba. In za ki ɗaura, kada ki ƙulle da ƙarfin tsiya, roba ba ta son fushi. Ki ɗaure har ya daina juyawa a hannunki, ki ƙara rabin zagaye, shi ke nan."

Abin da ya nema bai cinye kuɗin littafin ba, har da na motar komawa ya rage. Ta so ta gaya masa labarin Baba da gashi da mai gwangwan. Amma ya riga ya koma kan tabaraunsa. Ta ce Allah ya saka da alheri, ya ce amin bai ɗago ba.

Ana kiran la'asar ta shigo gida. Ba wanda ya tambayi inda ta je, don ba wanda ya san ta fita. Ta ɗaga bonet, ta zura tiyon a mazauninsa, ta mayar da ƙaramar robar gefe, ta ɗaure kilif kamar yadda dattijon ya ce. Ta shiga ta zauna, ta sa makulli. Gumi na shiga mata ido, ta laluba aljihu za ta share fuska.

Babu hankici.

Ta zare hannunta daga makullin kamar ta taɓa wuta. Yana can cikin bakin injin, ta rufe shi da tiyo. Da ta murɗa makullin nan da injin ya haɗiye shi, maganar bakanike ta zama gaskiya, kuma da hannunta. Ta fito da sauri, ta sake kwance tiyon. Sukundireban ya zame ya yanke ta a yatsa. Ta zaro hankicin, ta mayar da tiyon, tana kan rabin zagayen ƙarshe ta ji muryar Yaya a bakin get yana cewa a shigo. Ta sauke bonet a hankali, ta koma bayan tankin ruwa ta tsaya. Ko gwadawa ba ta samu ta yi ba.

Mai gwangwan gajere ne mai tumbi. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da zobe.

"Tana tashi kuwa, ko turawa za mu yi?"

"Tana tashi, sai dai ka ji tausayinta," in ji Yaya. Ya shiga ya murɗa makulli.

Motar ta tashi. Auta ta riƙe numfashi tana jiran karkarwar. Ba ta zo ba. Injin ya zauna lafiya lau, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Yaya ya taka totur ya saki, ya sake takawa ya saki. Bai mutu ba.

Mai gwangwan ya ɗaga bonet ya leƙa, ya taɓa sababbin kilif ɗin da yatsa.

"Ranka ya daɗe, wasa kake da ni? Ni gawa nake saye, wannan kuwa da ranta. Tiyo ne kawai, ga shi an gyara, aikin hankali ma. Amma in dai sayarwar ce, ni zan hau ta da kaina."

Yaya ya fito yana sosa ƙeya. Kafin ya ba da amsa Mama ta bayyana a ƙofar falo, mayafinta a hannu.

"Babanku ya ji ƙarar, sai nuna taga yake. Motar nan ba inda za ta."

"Mama, ai ni ma ban ce..." Yaya ya sake leƙa injin, sai fuskarsa ta washe. "Oga ne! Wallahi Oga ne ya biyo ya gyara bai faɗa ba. Kin ga mutumin kirki? Bari in kira shi."

Ya hau latsa waya, mai gwangwan na mitar an ɓata masa yamma, Mama ta juya ciki tana cewa alhamdu lillahi. Auta ta dubi hannayenta, baƙi har wuyan hannu, jini ya bushe a yatsa ɗaya. Taku biyar ne tsakaninta da su. Ta gwada maganar a ranta sau ɗaya, ta ji yadda za ta fito, 'yar siririya, da yadda duk za su juyo su kalle ta.

Ta tura hannayen cikin mayafi, ta bi jikin bango ta bayan igiyar shanya, ta shige ta ƙofar kicin, wayar Yaya na ta ringi ba a ɗauka ba tukuna.