Mai Cewa Ruwa Ya Iso

Shekara talatin da ɗaya ƙanena Mika'ilu yana tsayawa a ƙarshen gonar albasarmu, ni kuma ina bakin kanal riƙe da bututu. Gonar doguwa ce, ga ta da lanƙwasa. In ruwa ya kai fangalin ƙarshe sai ya ɗaga murya, "Yaya, ya iso!" Sai in janye bututun.

Da damina ya rasu. Ban-ruwan farko da na yi ni kaɗai, kafin in taka in duba in dawo, fangali huɗu sun nutse. Albasa ba ta son kwana cikin ruwa. In aka sake haka sau biyu, bana ba ni da amfanin gona.

A da na yi gyaran rediyo a Kura. Sai na zana wata 'yar na'ura: waya biyu a ƙasa, in ruwa ya haɗa su, ƙararrawa ta buga. Amma wayoyin da na ɗaɗɗaure a cikinta suka yi ta tsinkewa. Dole sai allon tagulla irin na cikin rediyo, mai hanyoyin wuta kwance a jikinsa.

Na shiga Kano, shagon wani Nasiru mai tsofaffin kayan ofis, neman abin da zan buga zanen hanyoyin da shi. Ya nuna mini firinta mai kala.

"Baba, wannan har hoton jikoki za ta fitar maka."

"Tawada take sha ko hoda?"

"Tawada."

"To ajiye ta. Mai hoda nake so. Hoda ce ke narkewa ta kama tagulla, tawada sai ta bi ruwa."

Ya ɗauko wata tsohuwar firinta mai baƙi zalla, murfinta ɗaure da salatif. Ita na zaɓa. Da muka zo kan injin lamineshin, wanda zafinsa zai narkar mini da hodar, na zaro guntun allon tagulla daga aljihu zan tura ciki. Ya riƙe mini hannu.

"Haba Baba! Katin shaida ake sa masa, ba faranti ba."

"In bai haɗiyi wannan ba, ba nawa ba ne."

Inji uku muka gwada, na farko ya shaƙe. Na biyu ya wuce da allon, amma ɗumi kawai, kamar goshin mai zazzaɓi. Na uku ya yi gurnani, ya tofo shi da zafin da ya sa na yar.

"Wannan," na ce.

A gida, maƙwabciyata Aziza mai buga takardun makaranta ta sa zanen a kwamfutarta, muka buga a bayan tsohuwar kalanda mai sheƙi. Na kifa takardar kan allon, na tura cikin injin sau goma sha biyu. Na jiƙa ta har ta saɓule, sannan ruwan asid ya cinye tagullar da hoda ba ta rufe ba. Siraran hanyoyin da suka rage sun yi kama da kanal da rassansa. Na daɗe ina kallonsu, sannan na haɗa allon da ƙararrawa da batir.

Ranar da ruwa ya zagayo layinmu, na kafa wayoyin da hantsi a daidai inda Mika'ilu yake tsayawa. Har yanzu ƙasar wurin a dandaɓe take. Na ja doguwar waya zuwa bakin kanal, na sa bututu, na zauna. Balbelu biyu suka sauka. Ba kowa a gonakin kusa.

Can sai ƙararrawar ta buga, da 'yar siririyar murya kamar ta gyare.

"Na ji, Mika," na ce.

Na janye bututun. Babu fangalin da ya nutse. Ƙararrawar ba ta daina ba, don ban yi mata maɓallin kashewa ba. Na bar ta tana kira har na gama naɗe wayar.